Yadda za ka yi in ɓeran Masar ɗinka ya fara numfashi da ƙyar, kafin ka ce asma ce

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu kiwon ɓeran Masar. Tun da hunturun bana ya kama mutum uku sunka tare ni da magana guda, ɗaya a bakin masallacin unguwarmu nan Mabera, biyu ta WhatsApp, wai nasu shina wani kurkur a ƙirji kamar mai asma, mi za su ba shi? Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta abin da na sani gaba ɗaya, don ni wanga abu ya taɓa cin gidana kuma har yau in na tuna raina ba ya min daɗi.

Shekarun baya ɗiyata tana da wani ja mai ɗan fari a goshi, Jatau take ce mishi. Wani dare ta zo ta ce Baba zo ka ji, Jatau shina kuka daga ciki. Na ɗauke shi na kara kunnena a haƙarƙarinsa, sai na ji wata 'yar ƙara kamar ana murza ledar biskit a hankali, duk shaƙa ɗaya sai ta yi. Nan take na yanke cewa asma ce, don ina da ƙane mai ita kuma sautin ya yi kama. Da safe na tahi wani kemis na ba da labari, yaron shagon ya ba ni kafso na amoksisilin ya ce in buɗe in ɗan zuba a ruwa in ɗura mishi. Kwana biyu kamar abin ya lafa, a na uku zawo ya tsinke, kafin Magariba ya mutu a cinyar yarinyar nan. Sai daga baya wani likitan dabbobi ya zaunar da ni ya ce ciwon huhu ne ya kama shi tun farko, kuma da wuya in ba maganin da na ba shi ne ya ƙarasa shi ba.

To ga yadda nake yi yanzu, daki-daki.

Na farko, ka ajiye kalmar asma gefe tukuna. Gaskiya ne hanyoyin iskar ɓeran Masar suna da saurin tsukewa, shi ya sa ma masu bincike sunka daɗe suna gwajin magungunan asma a kansa. Tun 1910 wasu likitoci biyu a Amurka, John Auer da Paul Lewis, sunka nuna cewa in jikinsa ya yi mummunan bore ga wani abu, bututun iskarsa ne ke matsewa har iska ta kasa fita. Don haka ƙura ko hayaƙi na iya sa shi ya yi fito a ƙirji, ba musu. Amma a cikin waɗanda ake kiwo a gida, abin da ya fi yawa nesa ba kusa ba shi ne ƙwayoyin cuta sun shiga hanci ko huhu, sai ciwon zuciya ga manya, sai zafi, sai haƙori da ya yi tsawo ya taɓa hanci da ido. Asma ita ce ake faɗa a ƙarshe bayan likita ya kore waɗannan duka. Haɗarin kiran abin asma shi ne mutum sai ya saki jiki ya ce ai dama haka take, ta zo ta wuce, alhali ciwon huhu a dabbar da ba ta wuce kilo ɗaya ba kwana ɗaya ko biyu ya ishe shi.

Na biyu, ka tsaya ka kalle shi kafin ka taɓa shi. Wanga shi ne matakin da mutane ke tsallakewa, suna ganin alama sai su cafko shi, shi kuma dabba ce mai tsoro, da ka kama shi numfashin zai ƙaru ka kasa gane gaskiyar lamarin. Ka samu kujera ka zauna gefen keji minti biyar shiru har ya manta da kai. Sai ka dubi gefen cikinsa, ka ƙirga sau nawa ya ɗaga a daƙiƙa 15, ka ninka huɗu. Lafiyayye shina yin kamar 40 zuwa 100 a minti, kuma ko da saurin nan ba ka ganin wahala a jikinsa, numfashin a sulale yake. Abin da kake nema shi ne ƙoƙari. Shin cikin na lotsawa yana kumbura da ƙarfi? Kansa na gyaɗawa tare da kowace shaƙa? Ya miƙe wuya ya ɗaga hanci sama? Ya takure a lungu gashi ya tashi, ido rabi a rufe?

Ka kunna bidiyo a wayarka a lokacin, ka matso da ita kusa don sautin ya shiga. Sau da yawa in anka isa asibiti tsoro kan sa su ɓoye ciwon su yi kamar lafiya lau, bidiyon nan ne shaidarka.

Bayan haka ne za ka ɗauke shi a hankali, hannu ɗaya a ƙarƙashin ƙirji ɗaya a gindi, kar ka matse kuma kar ka kwantar da shi rigingine. Dubi hanci ko da majina ko ɓawon da ya bushe. Dubi ido, amma ka sani wani farin ruwa kamar madara da ke fito musu a gefen ido lokacin gyaran jiki ba ciwo ba ne, da shi suke wanke fuska, kwantsa mai kauri ko wadda ta manne fatar ido ita ce matsala. Sai wani wuri da ba kowa ke dubawa ba, cikin ƙafafunsa na gaba. Da su yake share hanci, in ka ga gashin wurin ya jiƙe ya cure to majina na zuba ko da hancin ya yi maka tas. Ka shafa ƙarƙashin haɓa da wuya ko akwai ƙullutu. Ka ɗaga leɓe ka ga dasashi, ya kamata ya zama ja-ja mai haske. Atishawa ɗaya biyu a wuni ba komai ba ce musamman in ya tusa kai cikin ciyawa, wadda ake jerawa ana maimaitawa ita ce abin lura.

Na uku, ka san alamun da ba a kwana da su. Ɓeran Masar ta hanci kawai yake numfashi, haka Allah ya halicce shi. Duk ranar da ka ga ya buɗe baki shina jawo iska to abin ya kai maƙura, ba maganar a bari sai gobe. Haka in leɓe ko dasashi ya koma shuɗi ko toka-toka, ko ya kwanta ta gefe ba ya iya tashi, ko kai ya karkace gefe guda, ko ya daina cin abinci. Maganar abincin nan kar ka raina ta, hanjinsu ba ya son tsayawa ko kaɗan, in ya yi awa 12 bai ci ba kuma ba ka ga kashi a keji ba ciwo na biyu ya hau kan na farko.

Na huɗu, ka gyara iskar da yake shaƙa tun kafin ka fita neman likita, wanga ba ya buƙatar ko sisi. Durƙusa ka sa hancinka daidai inda nasa yake, wato ƙasa-ƙasa da shimfiɗar keji. In zarnin fitsari ya buge ka har idonka ya yi yaji, to shi a cikinsa yake kwana yake tashi, kuma zarnin nan shina cinye fatar cikin hanci da maƙoshi har ƙwayar cuta ta samu ƙofa. Kwashe shimfiɗar gaba ɗaya. In garin katako ne da ake ɗebowa wurin masu yankan katako ka rabu da shi kwata-kwata, ƙurarsa ta yi laushi da yawa kuma wani katakon ma an sa mishi maganin gara. Tsohon tawul mai tsabta ko zanen auduga ya fi, ka riƙa canzawa kullum, ka wanke da ruwa sosai ka shanya a rana kar ƙamshin omo ya zauna a jiki.

Sai hayaƙi. Mu nan gidajenmu ba a raba su da turaren wuta, da dare kuma ga maganin sauro na kunnawa, ga fiya-fiya da fesawa, ga janareta a tsakar gida, ga murhun itace ko gawayi. Duk waɗannan a ɗauke keji daga inda suke isa. Na san wani zai ce ai mu ma muna shaƙa ba mu mutu ba, to ka tuna huhunka ya fi nasa girma nesa ba kusa ba, kuma kai kana iya tashi ka fita waje. In za a yi feshin sauro a fitar da su, kar a maido sai ɗakin ya sha iska warin ya fita sarai.

Ciyawa ma ka duba ta. Harawar da ake sayowa a Kara in ta daɗe a jibge sai ta yi ƙura, wani lokaci tsakiyar damin ya yi fumfuna don an ɗaure ta da sauran danshi. Ka kai waje ka karkaɗe, ka sunsuna, in ka ji warin ruma ka zubar kar ka ji ciwon kuɗinka. A hunturu nakan ɗan yayyafa ruwa a kan wadda zai ci a take don ƙurar ta kwanta, amma ba a jiƙa a ajiye. Kuma harawa ba ita ya kamata ta zama abincin kullum na babba ba, sinadarin kalsiyam ya yi mata yawa shina kawo tsakuwar mafitsara, busasshiyar ciyawa ta gari mai tsabta ita ce tushe.

Na biyar, zafi da sanyi, kuma nan ne mu 'yan Sakkwato muke da aiki fiye da kowa. Sunan dai ɓeran Masar amma asalinsa tsaunukan Andis ne a Kudancin Amurka, wajen Peru da Bolibiya da Ekwado, ƙasar tudu mai sanyi. Yanayin da jikinsa ke so digiri 18 zuwa 24 ne, da an haura 27 ya fara wahala, ga shi ba ya gumi. To ka auna da watan Afrilu da Mayu a garin nan da ake wuce 40 kuma ba wuta. Yawancin abin da mutane ke kira asma a bazara zafi ne kawai ya galabaitar da shi, za ka gan shi ya baje a ƙasa, numfashi sama-sama da sauri, miyau na zuba, kunnuwa zafi rau. In haka ne ka kai shi ɗaki mafi sanyi a gidan, ka shafa mishi ruwan randa a kunnuwa da ƙafafu da tsumma, kar ka tsoma shi a ruwan ƙanƙara don sanyin farat ɗaya ma illa ne. Ka naɗe robar ruwa mai ƙanƙara a tsumma ka ajiye gefe ya jingina in ya ga dama. Ni abin da ya fi min aiki shi ne ɗan tulun ƙasa cike da ruwa a cikin keji da faifan tayil guda, da rana za ka same su sun manne da tulun sun yi lamo. Keji a ƙarƙashin rufin kwano ko inda rana ke bugawa da hantsi, wannan a bar shi.

Hunturu kuwa akasin haka ne, iska mai ƙura da sanyin asuba. Ka rufe gefen da iska ke kaɗowa da zane amma ka bar wani gefen a buɗe, in ka toshe ko'ina zarni zai taru. Kar a yi musu wanka a wanga lokaci.

Na shida, raba shi da sauran, kuma raba su duka da zomaye. Na san yawancinmu haka munka taso muna gani, zomo da ɓeran Masar akurki ɗaya kwano ɗaya. Akwai wata ƙwayar cuta da ake kira Bodetela, zomo na iya ɗauke da ita a hancinsa lafiyarsa ƙalau shina ci shina tsalle, amma in ta shiga ɓeran Masar sai ta zama ciwon huhu mai kisa. Karnuka da kyanwoyi ma suna ɗaukarta. Akwai kuma Sitireftokokas mai kawo nimoniya, wadda mu mutane ma muke ɗauke da irinta, shi ya sa in yaro na mura da tari a hana shi rungumarsu har ya warke, kowa kuma ya wanke hannu kafin da bayan taɓawa. Maras lafiyan ka ware mishi nasa kwali ko keji da kwanonsa daban, ka riƙa fara hidimar masu lafiya sannan ka zo kansa. Sabon da ka sayo daga kasuwa shi ma ya yi sati biyu zuwa uku shi kaɗai kafin ka haɗa.

Na bakwai, kuma don Allah ko za ka manta komai kar ka manta wanga, kada ka ba shi maganin ƙwayoyin cuta da kanka. Cikin ɓeran Masar cike yake da wasu ƙwayoyi masu amfani da ke narkar mishi da ciyawa. Dangin fenisilin, wato amoksisilin da amfisilin da Ampiclox da allurar fenisilin da ake yi wa tumaki, sai kuma eritromaisin da linkomaisin da kilindamaisin, suna kashe waɗannan masu amfanin, sai wata muguwa mai suna Kilostiridiyam ta samu fili ta yi yawa ta saki guba a hanji. Zawo ya biyo baya, sau da yawa mutuwa, kuma abin kan zo ne bayan kwana biyu uku lokacin da kake murna ya samu sauƙi. Abin da ya faru da Jatau ke nan. Garin maganin kaji da ake zubawa a ruwa shi ma haɗe-haɗe ne, a bar wa kaji. Inhelar mai asma ta gida, maganin tari na yara, farasitamol, man zafi a shafa a hanci, turaren habbatus sauda ko hayaƙin wani ganye, duk kar a gwada a kansa.

Akwai magungunan da jikinsu ke ɗauka, irin su enrofuloksasin da doksisaikilin da haɗin da munka fi sani da Septrin, amma likita ne zai zaɓa ya auna gwargwadon nauyi, ga dabba mai giram 800 ɗigo biyu na ƙari ba ƙaramin abu ba ne. Na faɗi sunayen ne don in an rubuta maka ka gane, in kuma ka ga an ɗauko dangin fenisilin ka yi magana cikin ladabi ka ce ranka ya daɗe na ji ance wanga ba ya yi musu. Likitocinmu sun fi sabawa da shanu da awaki da kaji da dawaki, tunatarwa ba raini ba ce.

Na takwas, tafiya asibiti. Alhamdu lillahi muna da asibitin koyarwa na likitan dabbobi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a garin nan, ga na gwamnatin jiha, ga masu zaman kansu. Ka samu kwali ka huda shi ta ko'ina, tawul a ƙasa, 'yar ciyawa a ciki. Ka fita da sassafe kafin rana ta yi, in da hali ka shiga keke napep ka riƙe kwalin a cinya maimakon kabu-kabu da iska da ƙura za su yi ta dukansa, but ɗin mota kuwa ko kusa. In ka isa ka nuna bidiyo, ka faɗi yaushe abin ya fara, mi yake ci, a kan mi yake kwana, akwai zomo ko babu, kuma in ka riga ka ba shi wani magani ka faɗi gaskiya ka nuna kwalin. Ka roƙi a saurari ƙirjinsa, a duba haƙoran ciki, a auna nauyi. In babba ne ɗan shekara uku zuwa sama kuma shina wani gunji-gunji yana yawan kwanciya, ka tambaya ko za a iya hoton ƙirji, don zuciya in ta kumbura ruwa kan taru a huhu kuma wancan maganinsa daban ne gaba ɗaya.

Sauran aikin jinya ne a gida kuma shi ya fi cin lokaci. Magani a cika kwanakin da likita ya ce ko da ya warware a rana ta uku. Ka riƙa share mishi hanci da auduga da ruwan ɗumi don in ya toshe ba ya jin ƙamshin abinci sai ya ƙi ci. In ba ya ci da kansa ka jiƙa abincinsu na ƙwaya-ƙwaya ya yi laushi kamar kunu, ka yanke bakin ƙaramin sirinji mai mil ɗaya, ka sa ta gefen baki bayan haƙoran gaba, ka tura kaɗan ka jira ya tauna ya haɗiye, shina zaune a kan ƙafafunsa huɗu. Kaɗan-kaɗan sau da yawa a wuni har da dare. Amma wanda ke haki baki buɗe ba a ɗura mishi komai, zai wuce huhu.

Bitamin C kuma dole ne. Su kamar mu suke, jikinsu ba ya haɗa shi sai sun ci, kuma rashinsa na raunana garkuwar jiki har ciwon huhu ya samu sauƙin kamu. Mai kilo ɗaya shina buƙatar kamar miligiram 10 zuwa 30 a rana, maras lafiya da mai ciki sun fi haka. Yanki biyu na koren tattasai ko ja marar yaji kullum ya wadatar, ɗan yankan gwaiba jefi-jefi ma shina da kyau. In ba ya ci, farar ƙwayar bitamin C mai miligiram 100 ka raba huɗu ka narka kashi ɗaya a ruwa cokali guda ka ba shi da sirinji, zalla fa, ba mai haɗin bitamin kala-kala ba. Kar ka zuba a ruwan shansu, da sauri yake lalacewa kuma in ɗanɗano ya canza sai su ƙaurace wa ruwan. Abincin zomo ba a sa mishi bitamin C, kar ka dogara da shi. Sai lawashi, mu garin albasa ne ana samunsa kamar kyauta a bakin fadama kuma yara kan tsinto su jefa musu, albasa da ganyenta da tafarnuwa duk guba ne gare su.

Ka nemi ƙaramin sikelin kicin mai nuna giram, ka riƙa ɗora shi a cikin roba kowace safiya kafin abinci kana rubutawa a bayan kalanda. In lambar ta tsaya ko tana hawa to magani na aiki. In ta sauka kwana biyu a jere, ko ya rasa giram 50 zuwa sama, ko kashinsa ya ƙanƙance ko ya yi ruwa, ka tsaya da komai ka koma wurin likita ranar. Bayan ya warke ma ka ci gaba da awon sau ɗaya a sati, mu a gidanmu ranar Juma'a bayan an sauko ne, ɗiyata ke riƙe robar ni ina karanta lamba.

In anka yi duk wanga, an ba da magani ya ƙare, hoto ya nuna huhu da zuciya lafiya, nauyi bai ragu ba, shina ci shina gudu, amma fiton nan na dawowa duk ranar da hazo ya sauko ko anka kunna turare, to a nan ne likita zai iya cewa hanyar iskarsa ce mai saurin tsukewa, ya duba ko akwai buƙatar maganin buɗe ta. Ina da wata mace guda yanzu haka mai irin wanga hali. Daga Disamba zuwa Fabrairu kejinta na ɗakin da ba a girki ba a turare, taga ta gabas a rufe da jiƙaƙƙen labule, shara kuma sai an yayyafa ruwa kuma an fitar da ita tukuna.